Malam Abdulbaƙi da Littattafansa Biyu da Suka Ɓace

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Alhamis, 8 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulbaƙi Gagarawa, malamin lissafi a makarantarmu ta sakandare a Gumel, bayan jinyar wata biyu.

Malam, shekara ashirin muna ofis ɗaya da kai. Ban taɓa jin ka kira ɗalibi daƙiƙi ba. Ranar da babur ya kayar da ni a hanyar Sule Tankarkar, kai ka riƙe azuzuwana har ƙafata ta warke, kuma da na zo godiya sai ka haɗe rai.

Kowa ya san ka da wata lamba. Biyu sau biyu sau biyu, har a jera biyu sittin da bakwai, a cire ɗaya: 147,573,952,589,676,412,927. Ka nuna mana biyu ba ta raba ta, uku ma haka, kuma duk lambar da za ta raba ta ba saura, in an kasa ta gida 134 sai ɗaya ya ragu. Irin waɗannan lambobi ka bi kana gwadawa ɗaya bayan ɗaya da biro, kana neman wadda za ta raba ta, kana cika littattafai. Yara suka ce waya za ta ba da amsa nan take, ka ce ai mai noma da fartanya ya san akwai tarakta. Mu kuwa dariya muke, muna cewa Malam ya auro aljana.

Wata rana ka ce mana wanda zai ƙirga ta, ɗaya kowace daƙiƙa, sai ya shekara fiye da tiriliyan huɗu, kuma duk wannan bai kai safiyar farko ta zaman lahira ba. Na yi dariya a lokacin. Yau maganar nan ita ke hana ni cin abinci, don akwai abin da na ɓoye maka.

Shekara shida da suka wuce, ni na share kabad ɗin ofis na ba wata mai ƙosai tsofaffin takardu. Littattafanka biyu na ciki, aikin shekara tara. Sai da na ga rubutun hannunka jiƙe da mai a ƙunshin ƙosai na gane. Ka yi ta nema, ni kuma na yi gum don kunya. Ka sayi sabon littafi ka koma farko. Daga nan ka daina yi wa Dogo masinja fara'a, don shi ke riƙe da makulli.

Kwana uku kafin rasuwarka na zo gaishe ka da niyyar faɗa. Ka riga ni. Ka riƙe hannuna ka ce, "Haladu, na zargi Dogo shekara shida ba hujja. Ina tsoron in tafi da wannan. Ka roƙar mini gafararsa."

Na ce to. Wallahi iyakar abin da na ce ke nan. Na fito ina ta cewa gobe, gobe, har goben ta same ni a sahun jana'izarka.

Bayan sadakar uku na je wajen Dogo na isar da saƙonka, na kuma faɗa masa gaskiya duka. Ya ce kai ya yafe maka duniya da lahira. Ni kuwa ya dube ni ya shige gida, har yau bai ce mini komai ba. Shi ina iya komawa ƙofarsa. Kai fa, Malam, ina zan same ka? Ina jin tsoro ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Malama Zinariya, da 'ya'yanka Zayyad da Naja'atu, da jama'ar Gagarawa. Allah Ya ba ku haƙuri. In kun tashi yi wa mahaifinku addu'a, ku roƙi Allah Ya sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya.

Haladu Sule Tankarkar