Kofin da Aka Ɗaura wa Jan Zare

Lokacin da abin nan ya faru ni dillalin shanu ne a karar Dakoro, mutum mai baki, wanda in ya rantse cewa tsohon sa ɗan maraƙi ne sai mai shi ya sake buɗe bakinsa ya duba haƙora. Lakkol aji shida na tsaya, jarrabawar sartifika ta kada ni, amma da yake ina iya haɗa baƙaƙen da ke jikin ardanas, takardar maganin da likita ke rubutawa, a gidanmu ni ne mai ilimi, abin da na ce shi ke nan. Muna zaune da tsohuwata da maiɗakina da ƴaƴa huɗu. Ba zan faɗi sunan kowa ba. Waɗanda suka san labarin sun san shi, su ne ma suka taya ni ɓata shi.

Maiɗakina ta daɗe da ciwon mara. Tun bayan haihuwarta ta biyu ba ta iya riƙe fitsari na dogon lokaci, in mara ta cika sai zafi kamar an zuba mata barkono, in ta zaga sai ɗan kaɗan ya fito, ta samu sauƙi, jim kaɗan abin ya dawo. An yi analiz, wato gwajin fitsari, ba sau ɗaya ba, a ce ba a ga komi ba, a ba ta ƙwayoyi ta sha, shiru. Mu dai muka sa masa suna sanyi. Duk da haka ita ce mai furar da ta fi ta kowa a unguwarmu, ranar kasuwa tun kafin azahar ƙwaryarta ta ƙare. Ni kuwa na saba da nishinta kamar yadda mutum ke sabawa da ƙarar ƙyauren ɗakinsa. Ba na ma ji.

Wata shekara da bazara aka yi shela a rediyo cewa mata su je likita a yi masu awon bakin mahaifa kyauta. Ta nemi izini, tana ganin ko a can za a gano mata tushen ciwonta. Na bar ta, amma na ja mata kunne. Na ce wurin nan labule ne kawai tsakanin mace da mace, rabin matan garin suna can kunnuwa a buɗe, kada ta kuskura ta zauna tana lissafa masu cewa matar wane ba ta riƙe fitsari. Su masu awo ne, su duba su gani da kansu. Ta bi maganata, don ba ta taɓa ƙin bi ba. Da aka duba aka ga wani ɗan tabo a bakin mahaifar, aka ce ba daji ba ne, amma in an bar shi yana iya zama, aka ƙona shi nan take da wani ɗan ƙarfe mai zafi. Kafin a yi, sajfam, ungozomar likita, ta tambaye ta ko tana da wani ciwo da ke damunta, ta ce babu. Aka gaya mata ruwa zai yi ta zubo mata na wasu makonni, kada ta tsorata, maigida ya yi nesa da ita kamar wata guda, in ta ji wani abu ta dawo. Ta shigo gida tana murna, wai an gano abin an ƙone shi. Ni ma haka na ɗauka. Babu wanda ya san ciwo biyu ne daban, an yi maganin wanda ba ta ji, an tsokano wanda take ji.

Ba a yi kwana nawa ba marar ta tashi da zafin da ba ta taɓa yi ba. Ga ruwan da aka faɗa yana zuba. Maganar wata guda kuwa, na ce wannan dokar likita ce, ba ta gidana ba. Ta roƙe ni, ta yi kuka, ban saurara ba. Wannan kaɗai zan faɗa a kai. Washegari da rarrafe ta fita bayan gida.

Tsohuwa ce ta fara lura da tsummokaran da ake wankewa ana shanyawa a bayan zana. Ta haɗa da yawan zagawar da ta daɗe tana ƙirgawa a ranta, ta kira ni gefe ta ce in buɗe idona, an huda wa matata mafitsara, wannan yoyon fitsari ne, ta taɓa ganin irinsa a ƙauyensu. Maiɗakina ta rantse cewa ba fitsari ba ne, an gaya mata tun a can. Tsohuwa ta ce to da mi za su gaya mata, su ce sun yi ɓarna? Ni mai ilimin gidan na ce maganar Inna tana kan hanya. Ranar nan tsohuwa ta ɗauko wani kofin silba ta ɗaura masa jan zare a hannu, ta ce wannan ne na matata, kada ya kusanci randa, sai dai a zuba mata daga sama. Aka ware mata kwano da tabarma, aka hana ta taɓa tukunya. Matan unguwa suka riƙa shigowa sannu da jiki, kowace da bakin mayafi a hanci, alhali babu warin komi, na rantse babu. Fura ta mutu. Ƴar Fulanin da ke kawo mata nono daga rugga ta koma wani gida. A kara, wajen mai shayi, wani abokin dillancina ya tambaye ni a gaban mutane wai shekarun nan da suka yi suna shan furar gidana, da nono ake dama ta ko da wani abu. Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, har da tafawa, don kada a ce abin ya dame ni.

Sai muka shiga magani irin namu. Tunda sanyi ne, zafi ke korar shi. Tsohuwa ta riƙa dama mata kunun kanwa da yaji, citta da kimba da masoro har sai ido ya yi ruwa. Ni na riƙa kawo mata shayi mai kauri, na farkon dahuwa, wanda ko Buzu sai ya yamutsa fuska. Aka zaunar da ita cikin ruwan bagaruwa mai zafi. Na kuma kawo tawa dabarar, na ce abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba, a rage mata ruwa. A bazarar Dakoro, lokacin da ko jaki ke neman inuwa, matar nan tana zaune tana kallon randar da ita ta saya da kuɗin furarta, leɓɓanta sun tsage, sai an ga dama a zuba mata rabin kofi. Fitsarin ya koma ja kamar shayin, in za ta yi sai ta kama itacen rumfa tana cizon zanenta. Ta roƙe ni in mayar da ita likita tunda sun ce ta dawo. Na ce waɗanda suka huda ta sau ɗaya ba zan kai masu ita su ƙarasa ba.

Da na gaji da kallon mutane sai na ce ta tahi gidansu Birnin Lalle ta yi jinya. Ban sake ta ba, amma kowa ya san mi hakan ke nufi. Direban motar kasuwa ya riga ya ji labari, ya ƙi ba ta kujera, ya shimfiɗa mata leda a baya cikin buhunan hatsi. Ina tsaye. Ta sa hannu cikin ƙullin kayanta ta gyara, na hango jan zaren kofin ya leƙo. Ba ta dube ni ba har motar ta tashi.

Wanta ne ya kai ta asibitin Maradi. Bayan ɗan lokaci ya same ni a kara, bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi. A gaban mai shayi da wancan mai tambayar fura ya mayar mini da abin da likita mace ta gaya masu. Babu huda ko ɗaya. Bakin mahaifa ya warke sarai, kuma aikin da aka yi mata wataƙila shi ya tare ta daga ciwon daji. Ciwon mara tsohon ciwo ne na mafitsara, ba na ƙwayoyin cuta ba, kuma irin masu shi in an sa ƙarfen awo ko an yi aiki kusa da wurin, yana iya tashi na ɗan lokaci. Da ta faɗa tun farko, da an bi ta a hankali, an ba ta abin rage zafi, an gaya mata abin da za ta tarar. Sau da yawa yana kwantawa in an lallaɓa shi. Abin da ya hura wutar shi ne yaji da shayi da ƙishirwa, da kuma maigidan da bai jira ba. Wannan na ƙarshen a hankali ya faɗe shi, amma kowa ya ji. Sai ya tambaye ni wa ya hana ta faɗa.

Na je biko da goro da dattawa. Ubanta ya ce ta koma saboda ƴaƴanta, ta komo. Ciwon ya ragu da magani da kiyaye abinci, amma ta ce bai taɓa komawa yadda yake a da ba, kuma na yarda. Matan nan masu toshe hanci su ne suka fara zuwa barka, kowace tana cewa ita dama ba ta taɓa yarda da zancen ba. Sun tambaye ta yaushe za ta koma fura, ta ce hannunta ya manta. Tsohuwa kafin ta rasu ta nemi gafararta, maiɗakina ta ce ta yafe, ita ce ma ta yi jinyarta har ƙarshe. Ni ma ta ce ta yafe mini. Tana dafa mini abinci, tana gaishe ni da safe, tana amsa kirana. Amma ruwa a kofin nan take sha. Na taɓa sa wuƙa na yanke zaren, da na dawo daga kasuwa na tarar ta ɗaura sabo. Na jefa kofin a bayan gari, ta sayo wani ta ɗaura masa. Da na yi faɗa, ta ce in yi haƙuri, ba ta son ta ɓata wa mutanen gida randa.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ya zo mini a makare. Mata, ku je awon nan, ba shi ne ya cuci matata ba. Amma in an tambaye ku ko akwai wani ciwo, ku faɗi duka, ko da duk garin na bayan labule, in mara ce ku ce mara ce. In abu ya tashi bayan aiki ku koma inda aka yi, kada ku zauna a hannun tsofaffi da masu kawo shawara. Maza ƴan uwana, in an ce a jira, ku jira, ba wanda ya taɓa mutuwa don haka. Kuma kada rabin karatu ya sa ku zama likitan gidanku. Mutanen da na ji kunyarsu har na hana matata ruwa, yau ko ɗaya bai tuna da maganar ba, wancan na wajen mai shayi ma ranar nan yake tambayata wai mi ya sa gidana aka daina fura. Ni kuwa kowace safiya in na fito alwala, kofin yana rataye a jikin itacen rumfa, nesa da randa, da sabon jan zarensa.