Katin Baba a Gwangwanin Allurai

A lokacin da abin ya faru ni tela ce a Tsafe, ina ɗinkin mata a zauren gidan mijina. Ina da alfahari da adana, har 'yan'uwana kan tsokane ni wai ko tsinke aka ba ni ajiya sai na ɗinka masa jaka. Wannan suna ne ya sa da mahaifinmu, manomi a Kekun Waje, ya sayar da shanunsa saboda halin da ƙauyukanmu suka shiga, ya zuba kuɗin a banki, ya tsallake yayyena maza ya danƙa mini katin cire kuɗin. Ya ce in ɓoye shi domin ranar ciwo. Na ji daɗi har raina, kuma na ɗan yi wa yayyen nawa yanga.

Wurin da na fi yarda da shi a duniya shi ne gwangwanin allurai da ke aljihun keken ɗinkina, don babu mai taɓa shi. A ciki akwai mayen ƙarfe da na ciro daga tsohuwar sifikar rediyo, irin wanda mu teloli muke tsince allura da shi idan ta faɗi ƙasa. Na kwantar da katin a ƙasan gwangwanin, na ɗora mayen a kansa don kada ya motsa. Kullum na buɗe in gan shi lafiya lau, in rufe ina yaba wa kaina. Haka ya kwana ya tashi har damina ta zagayo.

Wata Asabar da hantsi aka kira ni cewa maciji ya sari Baba a gona. An kai shi Bungudu, aka ce ba su da allurar dafin, a wuce Gusau. Na ɗauki katin na hau mota. Na tarar da ƙafarsa ta kumbura, amma yana magana. Da ya gan ni sai ya ce wa Inna ta daina kuka, mai ajiya ta iso. Likita ya rubuta allurar, ya ce a sayo da gaggawa, kuma tsadarta ta fi ƙarfin abin da ke aljihunmu gaba ɗaya.

Na'urar cire kuɗi ta farko ta ƙi karɓar katin. Na je ta biyu, ta tofo shi. Na bi masu POS ɗaya bayan ɗaya ina goge shi da gefen hijabina, har wani dattijo a cikinsu ya juya shi ya tambaye ni inda nake ajiye shi. Da na faɗa, sai ya ce mayen ƙarfe yana shafe bayanin da ke cikin baƙin layin nan na baya, kuma alluran da ke manne da shi sun kankare ɗan ƙarfen gaban. Banki a rufe yake, ko da a buɗe yake ma sai mai asusun ya zo da kansa. Kafin yayyena su haɗa kuɗin daga hannun dangi la'asar ta yi. An yi wa Baba allurar, amma bai kai magariba ba.

Na san ajali ba ya jira, kuma likitan ya ce dafin ya riga ya yi nisa. Amma har yau ina mafarkin ina tsaye gaban na'urar nan tana tofo mini katin, ina mayarwa, tana tofowa, Baba yana jira. Inna ta ɗauka matsalar banki ce, takan ma yi mini addu'a saboda wahalar da na sha ranar. Ban taɓa iya gaya mata ba.

Na rubuto ne don in roƙi masu karatu, musamman teloli da masu gyaran rediyo. Ku raba katinku da mayen ƙarfe, da jaka mai maɓallin da ke mannewa da kansa, da duk abin da zai kankare shi. Ku riƙa gwada shi lokaci-lokaci tun kuna lafiya, kada ganin ido ya ruɗe ku. Nawa ko lanƙwasa bai yi ba, fes na fito da shi, kuma bai iya saya wa mahaifina allura ɗaya ba.