Karen Kawu a Motar Dawa

Kawuna, yayan mahaifiyata, Bamaguje ne, yana zaune a wata 'yar unguwa a bayan Mairuwa. 'Yan'uwansa duk sun musulunta sun koma cikin gari, shi ya tsaya inda yake, da rumbunansa da matarsa da wani jan kare mai yankakken kunne. Ni a lokacin ina koyarwa a Kankara. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa ne, an ƙara mana albashi, na sayi babur, ina zuwa gaishe shi duk hutu.

Wata kaka na tarar ganinsa ya yi rauni ƙwarai. Idon hagu ya tafi, na dama yana gani dishi-dishi. Karen ne ke gaba idan za shi gona, shi yana biye da sanda. Na ce masa akwai likitan ido da ke zuwa Kankara lokaci-lokaci, ya shirya in ɗauke shi.

"Da karen za mu," in ji shi.

"Kawu, asibiti fa za mu je."

"Na ji. In ka kai ni garin da ban sani ba, wa zai nuna mani hanya? Kai kana makaranta wuni guda."

Na ɗauka zai sauko, bai sauko ba. Muka fara gwada babur: shi a baya, karen a tsakiyarmu. Ina tayar da inji karen ya dire, ya shige ƙarƙashin rumbu, sai da yamma ya fito. Daga nan na koma neman mota. Ranar kasuwar Yankara na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi mini rashin mutunci, amma kowa ya ce fasinja ba za su zauna da kare ba, yana iya lasar tufar da mutum zai yi salla da ita. Awaki da kaji kuwa ana ta loda su a gabana.

Haka aka yi ta tafiya har rani ya yi nisa. Sannan na samu wani dattijon direba ɗan Sabuwa mai jigilar dawa a babbar mota. Ya saurare ni, ya ce, "Malam, buhu ba ya alwala. Ku hau baya, amma ku saba mashi da ƙarar mota tukuna, kada ya yi tsalle a hanya."

Kawu ya ɗauki shawarar da gaske. Duk ranar da motar ta biyo ta Mairuwa, sai matarsa ta raka su bakin hanya, direban ya tsaya, a ɗora karen kan buhuna inji na aiki, a ba shi ɗan tuwo, a sauke shi. Kawu ya tufka igiyar rama mai laushi da hannunsa, wadda za ta bi ta ƙirji ba ta wuya ba, don kada ta shaƙe shi idan mota ta faɗa rami. Matarsa ta yi wa karen wanka da sabulun salo ta cire masa kaska. Aka ware tsohon buhun da yake kwana a kai, da gorar ruwa, da ƙwarya.

Ranar tafiya ba a ba shi abinci ba, sai ruwa, don kada ya yi amai. Muka gyara gurbi tsakanin buhuna, muka kafa tabarma ta yi inuwa. Da farko karen yana ta rawar jiki, Kawu ya dafa masa wuya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Kafin mu yi nisa ya kwantar da kai a cinyarsa. Direban ya tsaya mana a gindin wata tsamiya, karen ya sauka ya zaga ya sha ruwa. Lafiya lau muka isa Kankara.

Likitan ya daɗe yana haska idon. Da ya gama ya ce jijiyar ta riga ta mutu, da an zo tun da kaka da wataƙila an tsare abin da ya rage na daman. Na fassara wa Kawu a hankali. Sai ya tambaya ko an ba karen ruwa, domin a waje muka ɗaure shi.

Bai yarda ya zauna wurina ba, da motar ta juyo suka bi ta. Ya ƙara shekaru yana zuwa gona a bayan karensa, har karen ya tsufa ya mutu. Daga nan Kawu bai sake wuce ƙofar gida ba.

Har yau idan na tuna watannin nan da muka ɓata wajen neman mota, raina yana ɓaci, kuma ban san wa zan ɗora wa laifi ba. Na taɓa tambayarsa ko yana da-na-sanin jiran da ya yi. Ya ce yana yi, musamman lokacin da dawa ta fitar da kai, ana ba shi labarinta da baki.