Farar Ƙasa da Sabuwar Kwalbati

Ranar nan tun hantsi iska ta ɗauke cak, zafi kamar an kifa wa gari tukunya. Can gabas hadari yana ta haɗuwa, baƙi ƙirin. Kowa a ƙaramar tashar ya ɗaga kai ya dubi sama, ban da shugaban leburorin layin dogo, wanda ake ce wa Farar Ƙasa. Shi yana durƙushe da burushi, yana shafe duwatsun bakin layi.

Ba a banza sunan ya bi shi ba. Tun yana lebura, in wasu sun ɗauki diga da shebur, shi bokitin farar ƙasa yake nema. Ya lura manya in sun zo ba sa sauka daga jirgi, ta taga suke leƙe, kuma abin da ya yi fari shi ido ke fara kamawa. Da wannan ilimi kaɗai ya zama shugaba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne a mai da shi babbar tasha, inda akwai ofis da fanka da kujera mai juyawa.

A shekarar kamfanin jirgin ƙasa ya gaji da ambaliyar da ke yanke layi kowace damina, taragun siminti da na hatsi su yi ta zama a hanya. Aka ɗaga layin, aka zuba sabuwar tsakuwa, aka gina kwalbatin da ko bijimin sa zai shiga ya juya. Injiniyar da ta yi aikin, da za ta tafi, ta ce masa, "Abu ɗaya nake roƙo, baba. A bar bakinta a buɗe."

Ya rusuna ya ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Ba a jima ba awaki suka mai da kwalbatin wurin shan inuwa, ga shi an ce manya za su zo ganin aiki. Farar Ƙasa ya sa aka share cikinta, aka shafe ta fes. Sannan, don kada akuya ta ɓata masa ƙarin girma, ya sa aka kafa katakai aka buga kwanon rufi a bakin, wai sai ranar zuwan manya za a buɗe. Kwanon ma sai da aka shafe shi.

To, a ranar hadarin nan matarsa ta kawo masa abinci, ta tsaya ta ƙare wa kwanon kallo.

"Maigida, shi ruwan sallama zai yi kafin ya shiga?"

"Ke dai tsaya a tukunyarki. Wannan hadarin wucewa zai yi."

"To tashi ka gaya masa, don da alama bai ji ba."

Bayan azahar sama ta ɓalle. Ruwa ya gangaro da kara da leda da reshen itace, ya iske ƙofa a rufe, ya tsaya ya taru. Farar Ƙasa ya riƙa ihu leburori su shiga su ɓamɓare kwanon. Ruwa ya kai ƙirji, suka tsaya a tudu, wani ya ce, "Maigida, ai ba a riga shugaba shiga." Shi ma bai shiga ba. Ruwa ya bar kwalbati ya cinye ƙasar gefenta, har layi ya koma lilo a iska. Allah ya sa an tsayar da jirgin kaya a tashar baya.

Duk tsawon layin nan, sabon aiki ya riƙe, nan ne kaɗai ya yanke. Manya suka zo, har da injiniyar, tun kafin ranar da suka sa, kuma a karon nan sun sauko. Ga kwano nan manne a bakin kwalbati, da sauran farinsa.

Farar Ƙasa ya cire hula ya ce, "Ikon Allah ne, ranki ya daɗe."

Injiniya ta ce, "Ruwan dai ikon Allah ne, baba. Kusoshin fa?"

Yanzu yana gadi inda titi ya ratsa layi, ya ɗaga sanda ya sauke. Ba ofis, ba fanka, sai benci. Duwatsun gaban rumfarsa fari fat.