Na'Allah, Mai Ɗaure wa Rediyo Waya

Kullum da hantsi Na'Allah ke fitowa daga unguwar Rikoto, naɗin waya a kafaɗa, wuyan kwalabe na kacau-kacau a aljihu, yana tafe yana kallon kawunan itatuwa. Asalinsa maƙeri ne. Ana tsakiyar yaƙin Turawa Maharazu ɗan kasuwa ya kawo rediyo Zuru, akwatin kuwa ya ƙi faɗin komai sai shuuu, kamar ana suya, don duwatsu sun tare maganar nesa. Na'Allah ya yi ta gwaji har ya dace: ya miƙa waya daga ƙololuwar rimi zuwa doguwar gora, ya raba ta da icen da wuyan kwalba, wata kuma ya binne a ƙasa mai laima. Murya ta fito tar. Wa aka yaba? Maharazu, wai ya iya saye!

Haushin da ke cina ke nan. Yau wata ta jawo wayar ta yi shanya, gobe wani ya yanki guntu ya ɗana wa gafiya tarko. Shekarar da ruwa ya makara, dattawa suka ce wayarsa ke korar hadari, aka tilasta shi ya kwance. Ruwa bai zo ba, labari ma ya ɗauke.

Sai ga tsohuwa Nagoggo, wadda ɗanta ke soja a ƙasar Bama, can ƙetaren teku, ta tsaya bakin maƙera.

"Na'Allah, mi kaka jira? Ɗana na can, ban san halin da yaƙi ke ciki ba."

"Inna, ai ku kuka ce in sauke."

"To, yanzu mun ce ka hau!"

Bai yi musu ba. Ya hau ya ɗaure, yana saukowa reshe ya ɓalle da shi. Yana kwance ƙafa a karye, abin da yake ta faɗi shi ne, "Kada kowa ya taɓa wayar nan." Ta wannan waya garin ya ji an gama yaƙi. Aka yi ta guɗa a ƙofar Maharazu, Na'Allah kuwa yana ɗaki da ɗori, ba wanda ya leƙa shi sai Nagoggo da ƙwaryar kunu.

Na'Allah, kai ne ka kai mana kunne inda ƙafarmu ba ta taɓa zuwa ba. Da ɗingishinka ka je Ribah, ka je Bena, duk gidan da akwati ya yi gardama. Haƙurinka har haushi yake ba ni, ɗan maƙera, don da ni ne da tuni na naɗe wayata.

Bana ƙafar ta ce ya isa. Mun gode, Na'Allah, ko da godiyar ta makara. Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma majiya ƙarfi da ke cika tabarma in an kunna rediyo, kunya ba ta kama ku? Ku je ku same shi tun yana iya nuni da sanda. Ya tsaya a ƙasa, ku ku hau.