Matar Mararraba da Rumfar Gwaggo Rabi

Ba zan iya rantsuwa cewa komai ya faru yadda zan faɗe shi ba. Ina 'yar shekara tara ko goma a lokacin, kuma na lura duk sanda na sake bin labarin nan a raina sai wani abu ya sauya wuri. Wani lokaci ina ganin wutar a ƙofar ɗakin Iya, wani lokaci a gindin rumbu. Abin da nake da tabbaci a kai kaɗan ne. Lokacin sanyi ne, a gidanmu na Daura, a shekarun farko da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Kuma a gidan akwai mutum biyu da zama ya yi wa tsami: kakata Iya, wadda ta haifi babanmu, da autarta Gwaggo Rabi.

Gwaggo ta dawo gida ne bayan rasuwar mijinta, tare da 'yarta Ladidi mai shekara biyar. Da ta fita takaba ba ta zauna jiran kwanon da za a miƙo mata ba. Ta nemi izinin Baba, yayanta, ta kafa rumfar zana kusa da inda motocin Mai'adua ke lodi. Benci biyu, tukwane uku, da bahon wanke kwanuka. Da safe ɗanwake, da rana shinkafa da wake da mai da yaji, da la'asar tuwon dawa da miyar kuka. Direbobi da 'yan acaɓa da masu kai dabbobi kasuwa ke cika mata benci. Hannunta da daɗi, wannan kam zan iya shaida, domin abin da ya rage a tukunya gida take kawowa da magariba, mu yara mu yi masa rubdugu, musamman ƙanzon shinkafa. Da rumfar nan take ciyar da kanta da 'yarta, ba ta da wani abin.

A kwanakin nan maganar mata masu abinci a tasha tana bakin kowa. Ana ta cewa a wasu garuruwa an tashe su, ban san iyakar gaskiyar hakan ba. Amma ƙiyayyar Iya ga abincin waje ta girmi wannan magana. A wurinta namijin da ya zauna kan benci yana ci a idon masu wucewa ya tona asirin matarsa ne. Takan lissafa abin da take ƙyama tana yamutsa fuska: kofi ɗaya bakin mutum arba'in, cokalin da ya fito daga bakin direba ya shiga na mahauci, ruwan wanki da tun hantsi ya zama kunu. Ban taɓa ganin ta je rumfar ba, don haka ban san inda ta ga duk wannan ba. Tun da Baba ya riga ya ba da izini, ba ta tari Gwaggo kai tsaye ba. Sai ta jira mu a bakin wuta.

Bayan tuwon dare muke haɗuwa, jikoki wajen takwas. Iya takan tura kara cikin wuta da ƙafarta, ta ja mayafi, ta ce mu matso ga wata nan tafe. Mu ce ta iso lafiya. Ta san tatsuniyoyi masu ban dariya da yawa, kuma a da su take ba mu. A wannan sanyin kuwa guda ɗaya ta riƙe, kusan kowane dare, tana ɗaga murya yadda zai isa ɗakin Gwaggo.

Wai wata mata ce ta ga tukunyar gidanta ta yi mata kaɗan. Sai ta kwashi duwatsun murhunta uku ta kai su mararraba, inda hanyoyi huɗu suka haɗu. Wurin kuwa na wata tsohuwar aljana ne. Aljanar ta ce ta ba ta wurin, har ma za ta sa wa miyarta daɗin da ba a taɓa ji ba, amma da sharaɗi ɗaya: kada ta taɓa ɗaga kai ta dubi mai ci, kada ta tambayi sunansa. Matar ta yarda. Manomi ya zo ya ci, ya suɗe hannu, ya tashi zai tafi gida, sai ya rasa wace ce hanyarsa a cikin huɗun. Ya koma ya zauna. Maƙeri ya zo, haka. Mahauci, haka. Kafin wata ya mutu maza sun cika mararraba suna zaune jugum kamar tumakin da aka ɗaure, matansu kuma suna gida tuwo yana sandarewa a akushi. Wata rana 'yar matar ta gaji da jira ta biyo sawun uwarta, ga yunwa. Ta miƙa hannu. Uwar ba ta ɗaga kai ba, ta zuba mata kamar kowa.

A nan Iya takan tsaya, ta ƙanƙance murya kamar ta ƙaramar yarinya. "Ta ci ta ƙoshi, sai ta dubi uwar da ta haife ta, ta ce, baiwar Allah, don Allah ina ne gidanmu?" Sai ta kakkaɓe zaninta ta ce iyakarta ke nan, wanda ya ji ya ji.

Mu manya-manyan mun san inda aka dosa, muna ƙunshe dariya, washegari kuma mu ci ƙanzonmu. Ladidi ce ba ta sani ba. Wata magariba Gwaggo ta dawo ta ajiye mata shinkafa da wake, yarinyar ta ture kwanon ta ɓoye hannunta a baya. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, ta ƙi. Da aka matsa mata sai ta fashe da kuka ta ce ba ta so ta manta da Ummanta.

A daren nan Iya ta kai wurin sharaɗin aljana ke nan sai Gwaggo ta fito. A gidanmu ba a katse tatsuniya, babba ma ba ya yi. Ta tsaya a kan wutar, hannunta duk toka don tana cikin goge tukunya.

"Iya, in magana gare ki da ni, ga ni. Ki bar yarinya ta ci abinci."

Iya ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce ita labarin aljanu take ba jikokinta, in wata ta ji sunanta a ciki, to ita ta san inda ta kai murhunta.

"Na kai shi inda za a ci a ce an gode. Wata biyar ina ɗakin nan, ko sau ɗaya kin ce Rabi kin ci?"

"Gara ki kwana da yunwa a ɗaki da ki ƙoshi a bakin titi. Ubanki da yana raye da ya rushe rumfar nan da hannunsa."

Gwaggo ta ce ubanta da yana raye da ba ta roƙi kowa gishiri ba. Ta fizgi hannun Ladidi suka shige ɗaki. Iya ta tura kara cikin wuta, ta ci gaba daga inda ta tsaya, har ƙarshe, ba ta rage kalma ɗaya ba. Ba wanda ya yi dariya.

Yanzu na zo inda nake jin nauyin faɗa. An sha gaya mana ba a tatsuniya da rana, wai mai yi ɓata yake. Ni kuwa na yi, a Islamiyya, kafin malam ya shigo. Ina son a saurare ni ne kawai, kuma na iya kwaikwayon muryar Iya. 'Yan ajinmu suka kewaye ni. Da na gama wata ta tambaya a ina mararrabar take. Daga nan tunanina ya rabu biyu. A ɗaya, ni ce na ce ai ta tashar Mai'adua ce, kuma gwaggona ce matar. A ɗayan, wata yarinya ce da babanta direba ne ta faɗi haka, ni kuma na yi dariya na gyaɗa kai. Na fi zaton na farkon ne, amma mai yiwuwa don na daɗe ina zargin kaina ne.

Ko ma wanne ne, kafin mako biyu labarin ya dawo gidanmu ba aljana a ciki. Cewa ake yi mai rumfar tashar Mai'adua tana zuba wani abu a miya don ta riƙe mazan mutane. Abin da ya ba shi ƙarfi kuwa jimla ɗaya ce da ake ƙarawa: daga cikin gidansu aka ji. Mata suka fara hana mazansu zuwa. Na ji an ce wata ta je har rumfar ta kifar da tukunyar miya, amma ban gani da idona ba. Direbobin da suka saba cika benci suka koma wucewa da sauri, ba don sun yarda ba ina jin, sai don ba wanda yake so a gan shi zaune a wurin a irin wannan lokaci. Gwaggo ta riƙa dawowa da tukunya rabi, daga baya cike. Mu ma a gida aka hana mu taɓawa, awaki aka riƙa zuba wa.

Wata Juma'a dattawan unguwa uku suka yi sallama da Baba a zaure. Ban ji abin da suka ce ba. Da suka tafi ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo, kansa a ƙasa, ya ce ta yi haƙuri ta ɗan dakata har ƙura ta lafa. Gwaggo ta tambaye shi, shi da yake cin tuwonta duk ranar kasuwa, ya taɓa ɓata hanyar gida? Ya juya ya koma zaure. Iya na zaune a tabarma tana jan carbi, ta ce alhamdu lillahi yadda kowa zai ji.

Ba a yi wata ba Gwaggo ta kwashi tukwanenta da 'yarta ta koma Mai'adua wurin dangin mijinta. Iya ta koma ba mu tatsuniyoyin dariya, kuma ba zan ɓoye ba, mun ci gaba da jin daɗinsu, domin ta iya. Ita da Gwaggo ba su shirya ba har Iya ta rasu. Gwaggo ta zo ta yi kwana uku na zaman makoki, da garin rogonta da ƙuliƙulinta a jaka, ba ta sa ko loma ɗaya ta gidan a baki ba.

Sai bayan na gama jami'a na samu ƙarfin zuwa wurinta. Na tarar da ita tana da wata rumfar, ta kwano wannan karon, ta tsufa amma bakin yana nan. Na jira mutane suka ragu, na durƙusa na faɗa mata komai, har da rashin tabbacina. Na shirya wa faɗa, na shirya wa yafiya. Ta ci gaba da kwashe tuwo da mara, ta ce:

"Ke Saratu, boko ya sa kin ɗauki kanki da girma. Ke wace ce da za ki rufe mini rumfa? Uwata ce ta saƙa labarin, yayana ya sa hannu, gari kuma dama jira yake. Ke aku ce kawai."

Na ce duk da haka ta yafe mini. Ta ce ba a yafe wa aku, in na gama in matsa na tare wa masu saye hanya.

Na dawo ina juya maganar, har yau ban gama ba. Wani lokaci ina ganin sauƙi ta yi mini ta hanyar da ta iya. Wani lokaci ina ganin ta hana ni ne abin da na je nema, da gangan. Game da Iya ma ban tsaya wuri ɗaya ba. Ba na so in zalunce ta. Mai yiwuwa tsoron abin da za a faɗa a kan 'yarta ne ya sa ta yi abin da ta yi, sai ga shi ita ta ba masu faɗar abin faɗa. Darasin da ta so mu ɗauka shi ne abincin waje yana raba mutum da gidansu. Na ci a rumfuna da yawa tun daga nan, a Katsina da Kano, kuma kullum na dawo. Wadda na sani da ta rabu da gidansu har abada ita ce mai dafawar, kuma a tsakar gida aka yi abin, muna zaune muna cewa ta iso lafiya.

Don haka nake roƙo. Cikin jikokin Iya da muka zauna a bakin wutar nan, wanda ya ga na sauya wani abu ko na yi wa wani ƙari, ya gyara mini. Amma na fi neman 'yan ajinmu na Islamiyya, waɗanda suka kewaye ni a ranar. Ɗaya daga cikinku tabbas ta tuna bakin da sunan Gwaggo ya fara fitowa. In nawa ne, kada ta ji nauyina, ta faɗa mini kai tsaye. Gwaggo ta riga ta ce ba ni da laifin da ya isa a yafe, ni kuwa ban yarda da ita ba tukuna.