Kibod Marar Waya na Baban Member

Iorchia, wanda muke kira Baban Member, mutumin Assakio ne, amma garin Lafiya ya san shi fiye da garinsu. Shekarar da aka ba mu jiha ya iso da tafireta a kafaɗa, ya kafa tebur a bakin kotu yana buga wa mutane takardu. Daga baya ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya buɗe shago a gaban gidan da yake haya a unguwar Akurba, bango ɗaya da shagon ɗinkina. Dukan kibod yake yi kamar ya kama ɓarawo, don hannunsa bai taɓa yarda zamanin tafireta ya wuce ba. In na tsokane shi sai ya ce da Hausarsa mai mayar da kowa namiji, "Zuwairatu, kai ka ɗinka naka, ni in buga nawa."

A daminar 2009 ciwon baya ya kwantar da shi, zama ya gagara. Aka shigar da kwamfutar ɗakinsa, amma teburin ya ƙi matsowa kusa da gado, wayar kibod kuma gajera ce. Ciwon bai ci shi kamar zaman banza ba. Mutumin da ko ranar kasuwa ba ya rufe shago, ga shi kwance yana kallon silin. Ya ce da matarsa Mwuese shi fa in bai sake buga takarda da hannunsa ba, to ya zama kaya a gidan.

'Yarsu Member, mai aikin jinya a Abuja, ta aiko direba da kibod da maus marasa waya. Ranar na ga haƙoran Baba duka. Mwuese ta ciro kayan, ta goge su da bakin zane, ta ɗora masa a ciki. Kwalin kuwa ta yayyaga ta hura gawayi da shi, kamar yadda kowace mace a layinmu take yi da kwali, har da ni.

Aka sa batir, Baba ya danna, shiru. Ya auna kwamfutar da kibod ɗin kamar rimot, shiru. Muka shanya batiran a rana kan kwanon kaji, maigidana ma ya ɗan ciccije su yadda yake yi wa na rediyonsa. Duk masana muka zama, abin dai ko gezau. Da wayonmu ya ƙare aka kira Rilwanu mai gyaran kwamfuta.

Rilwanu ya juya kibod, ya leƙa bayan kwamfuta, ya ce, "Baba, ina ɗan abin da ake sokawa a nan? Ƙarami ne, bai kai kan yatsa ba. A jikin kwali suke manna shi."

Mwuese na bakin ƙofa. Ta juya ta fita. Na bi ta, na same ta durƙushe tana tona tokar da ta zubar a bayan gida da hannu. Ta kuwa samo shi, ya narke ya dunƙule kamar ƙwallon dabino.

"Ni na ƙone shi," ta ce wa mijinta. "Ban sani ba, Baban Member."

Na zaci zai yi faɗa, don ya iya. Sai ya ce, "No wahala. Abincin da ka dafa da shi, ba ni na ci ba?"

Rilwanu ya ce ba a sayar da ɗan abin shi kaɗai, amma zai kawo kibod mai waya ya ƙara masa tsawo. Baba ya ƙi fir. Ya ce na 'yarsa zai yi aiki da shi, ta ce za ta kawo wani in ta zo Kirsimeti, zai jira. Na yi masa magiya, na yi masa masifa, duk a banza. Har yau in na tuna taurin kan nan raina ɓaci yake yi, sannan hawaye su zo.

Bai kai Kirsimeti ba. A farkon Disamba ya cika, Member ta iso da kwalin sabon kibod a jakarta, ashe ta riga ta saya. Coci ta nemi takardar jana'iza, aka sake kiran Rilwanu. Ya ɓare ɗan abin daga kwali, ya soka a bayan kwamfuta, ya motsa maus, kibiya ta yi tafiyarta. Member ta zauna a bakin gadon, ta ɗora kibod a cinya, ta buga sunan babanta, ya fito ɓaro-ɓaro.

Mwuese ta daɗe tana kallon gilashin kwamfutar, sannan ta juya ga Rilwanu.

"Shi ke nan aikin?" ta ce. "A soka kawai?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Shi ke nan, Mama."